"Umma, Ni Ne Nas Ɗinsu": Abin Da Ke Riƙe Yaranmu A Cikin Gem

Ranar wata Alhamis na dawo daga aikin yamma a gajiye liƙis, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na tarar da babban ɗana, ɗan shekara 14, a zaune a falo ya toshe kunnuwa da iyafis, ya ƙura wa waya ido. Na yi sallama, shiru. Na taɓa kafaɗarsa na ce ya tashi ya sayo mana burodi kafin mai shago ya rufe. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Umma, minti biyar." Na shiga na watsa ruwa, na yi sallar isha'i, na fito, yana nan yadda na bar shi. Ban ce uffan ba, na miƙa hannu na kashe 'yar na'urar intanet ɗin gidan.

Yaron da rabona da ganin hawayensa tun yana firamare, sai ga shi yana share ido da bayan hannu. Ya ce, "Umma, kin kashe su duka. Ni ne fa nas ɗinsu."

Burodi dai ya sayo, domin a gidana babu gem ɗin da ya fi aiken uwa, kuma har gobe ban canja ra'ayi ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Washegari ba ni da aiki, sai na zaunar da shi na ce ya yi mini bayani dalla-dalla. Ashe su goma ne a ƙungiyarsu, sun shiga wani kogo yaƙar wani dodo. Biyu suna gaba suna shan duka a madadin kowa, su ne garkuwa. Shida suna kai sara da harbi. Biyu kuma suna can baya ba sa dukan kowa, aikinsu su zuba ido a kan ma'aunin lafiyar kowane ɗan ƙungiya, wanda ya kusa faɗuwa su ɗaga shi. Ɗana yana cikin biyun nan. Da na kashe intanet jaruminsa ya sandare a tsaye, ɗaya mai jinyar ya kasa riƙe mutane shi kaɗai, kafin ƙiftawar ido an gama da su. Kayan yaƙin da suka yi mako biyu suna tarawa suka salwanta.

Na yi shiru, domin wannan kam na san shi. Na san yadda ake ji idan abokiyar aiki ta fice ta bar ki da ɗaki cike da marasa lafiya, ƙarin ruwa ya ƙare a wannan gado, a wancan kuma zazzaɓi ya hau.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin irin waɗannan wasanni. Ba zan faɗi sunan wanda ɗana yake yi ba, kada in yi masa talla.

Ba irin su Ludo ba ne

Uwargida, gem ɗin da kike ɗan taɓawa a waya kina jiran layi a asibiti, ki ajiye shi in an kira sunanki, daban yake da wannan. Hatta su Free Fire da PUBG da samari ke yayi, zagaye ne na 'yan mintoci, a gama a sake sabo. Wanda nake magana a kai duniya ce guda da aka gina a manyan kwamfutocin kamfani, da garuruwanta da kasuwanninta da dazuzzukanta, da dare da rana. Mutane dubbai suna cikinta a lokaci ɗaya, kowa da jarumin da ya ƙera wa kansa, yana renonsa wata da watanni, wani ma shekaru. Mafi shahara shi ne World of Warcraft na kamfanin Blizzard a Amurka, wanda ya fito a 2004, kuma zuwa 2010 masu biyan kuɗin shiga sun kai miliyan 12. Da can sai mai kwamfuta. Yanzu irin su Albion Online da Old School RuneScape suna hawa wayar hannu. Ƙananan yara kuma suna da Roblox, inda a wani sashensa mai suna Brookhaven yaro zai ɗauki gida da mota ya ce shi likita ne ko ɗan sanda.

Da farko na ɗauka kyan hotuna ne yake jan su. Yana taimakawa, haka ma sauti: iyafis yana toshe kiran uwa, ya sa wa yaro ƙarar iska da takun dodo a kunne. Amma kakan waɗannan wasanni, wanda Roy Trubshaw da Richard Bartle suka fara haɗawa a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, ba shi da hoto ko ɗaya. Rubutu ne zalla, a rubuta miki cewa kina cikin wani ɗaki, ƙofa na gabas. Duk da haka mutane suna raba dare a kansa. Mu ma ai shaida ne. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa ƙona miya ba saboda littafin da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp?

A can, shi wani ne

Ki tuna tuwon ƙasa. Ke ce uwar gida, wance ce amarya, 'yar tsana tana goye a baya, gwangwanin tumatir ya zama tukunya. In wata ta zo ta ce ai ƙasa ce ba tuwo ba, faɗa ake yi da ita. A ƙauyuka bayan kaka, samari suna wasan kalankuwa su naɗa sarkinsu da alƙalinsu, kuma a filin wasan kowa ya bi. Son zama wani na ɗan lokaci ba baƙo ba ne a wurinmu. Bambancin kawai, tuwon ƙasa yana watsewa da magariba, wannan kuwa ba a taɓa kwashe tukwanen.

Yaro shi yake zaɓar sunan jaruminsa da tsawonsa da tufafinsa da sana'arsa, kuma da wannan suna mutane ke kiransa. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Stanford, Nick Yee da Jeremy Bailenson, sun wallafa wani gwaji a 2007: sun ba wasu mutane siffa doguwa a duniyar kwamfuta, wasu gajera, sannan aka sa su cinikin rabon kuɗi. Masu doguwar siffa sun fi tsayawa kai da fata a kan kasonsu. Ke nan rigar da mutum ya sa a can tana shiga halinsa. Ɗana da ko gaisuwar baƙi sai an tura shi, na ji shi da kunnena yana ba wani mai muryar magidanci umarni ya ja da baya.

Ga kuma wani abu da ya ɗan sosa mini rai. A gida sunansa "kai, zo nan". In ya share tsakar gida ba wanda ya gani, sai in bai share ba. A makaranta zai yi wata uku yana karatu kafin ya ga sakamako. A gem kuwa, duk abin da ya yi nan take ake ƙirga masa: ya sari itace, maki ya hau, ya ceci wani, an rubuta, ya haye mataki, haske ya tashi, 'yan ƙungiya suna yi masa barka. Kuma an auna wahalar daidai ƙarfinsa, ba ta yi sauƙin da zai gundura ba, ba ta yi tsananin da zai fid da rai ba. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya yi littafi guda a 1990 a kan wannan yanayi, inda aiki ke haɗiye mutum har lokaci ya ɓace masa. Mai kitso ta san shi, mai saƙa ta san shi. Ni ma nakan shiga ɗakin tiyata da hantsi, in ɗago kai in ga la'asar ta yi. Shi ya sa na daina ɗaukar "minti biyar" ɗinsa a matsayin ƙarya. Agogonsa ne ya lalace.

Ba a dakatar da shi

Wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu sani ba, kuma shi ne tushen rabin faɗan da ake yi a gidaje. Muna cewa "tsayar da shi ka zo", alhali babu maɓallin tsayarwa. Sauran mutum taran nan mutane ne na gaske, kowa a ɗakinsa, wani a Kaduna, wani a Legas, wani a wata ƙasar. Sun yi alƙawari tun farkon mako cewa ranar kaza ƙarfe kaza za a haɗu. Kamar zubin adashi ne: in ke kika fasa ranar kwasar wata, ba ke kaɗai abin ya shafa ba, kuma gobe da wane ido za ki kalle su? Yaron da ya cika ficewa a tsakiyar yaƙi, ƙungiya takan daina kiransa, daga baya ta sallame shi.

Kuma ko ya kashe waya duniyar tana ci gaba. Farashin kaya yana hawa da sauka a kasuwarta, domin a wasu wasannin 'yan wasa ne suke haƙo ƙarfe, su ƙera takobi, su sayar wa juna. Wata ƙungiya tana iya ƙwace musu gari yana barci. A wasu yankuna in aka kashe jarumi, duk abin da ke jikinsa ya zama ganimar wanda ya kashe shi. Inda ake asara ta gaske, dole zuciya ta buga da gaske.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, labarin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na annobar da ta ɓarke a World of Warcraft a watan Satumba na 2005. Kamfanin ya ƙirƙiro wani dodo mai suna Hakkar, wanda ke sa wa masu yaƙarsa wata cuta da ke zuƙe lafiya, tana kuma tsallakawa zuwa na kusa. An shirya ta tsaya a cikin fagen yaƙin kawai. Sai aka yi kuskure, dabbobin da wasu 'yan wasa ke tafe da su suka fito da ita zuwa manyan birane. Masu ƙaramin mataki suka riƙa zubewa nan take, tituna suka cika da ƙasusuwa. To ji abin da mutane suka yi. Wasu suka gudu daji. Wasu masu jinya suka ruga cikin gari taimako, su ma suka kamu. Wasu suka tsaya a bakin hanya suna gargaɗin masu shigowa. Wasu suka zo kallo kawai suka kwasa. Wasu kuma da gangan suka riƙa yaɗa ta. Kamfanin ya nemi a killace kai, ba kowa ya ji ba. Masana annoba biyu, Eric Lofgren da Nina Fefferman, sun rubuta maƙala a kai a mujallar likitanci ta Lancet Infectious Diseases a 2007, suna cewa akwai darasi a ciki game da halin mutane in cuta ta ɓarke. Duk wadda ta ga zamanin korona a 2020 ta ga waɗannan mutanen ɗaya bayan ɗaya a unguwarsu. Mutum ba ya gudun ceton rai, ko ya sayar da ransa don wani, a wurin da bai ɗauka da muhimmanci ba.

Yaron da iyayensa suka zaci ba shi da kowa

A ƙasar Norway an yi wani saurayi, Mats Steen, da aka haifa da cutar Duchenne, wadda ke cinye tsokar jiki sannu a hankali, kuma galibi maza take kamawa. Ya ƙare a keken guragu, daga baya yatsunsa kaɗai ke motsi sosai. Ya rasu a 2014 yana da shekara 25. Baƙin cikin iyayensa shi ne ɗansu ya tafi bai san abota ba, bai san soyayya ba, rayuwarsa duk a gaban kwamfuta. Suka sanya sanarwar rasuwarsa a shafinsa na intanet. Sai saƙonni suka fara shigowa daga ƙasashen Turai daban-daban, daga mutanen da ba su taɓa jin sunansu ba. Ashe a World of Warcraft shi ne Ibelin, ƙaƙƙarfan namiji mai gudu da ƙafafunsa, ɗan wata ƙungiya mai suna Starlight, wanda mutane ke kai wa damuwarsu. Wasunsu sun yi takakkiya har birnin Oslo don jana'izarsa. Daga cikin waɗanda ya taimaka akwai wata uwa a Denmark da ɗanta mai lalurar da ke hana shi sakewa da mutane, ko runguma ba ya so. Ta hanyar wasan suka samu kusanci, a can ne yaron ya iya rungumar jarumar mahaifiyarsa. An yi fim a kan rayuwar Mats, yana Netflix tun 2024.

Na kalle shi na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na tuna yaran da nake gani suna wata da watanni a gadon asibiti, masu sikila da masu karaya, waya ce kaɗai tagarsu. Sai dai na kuma gaya wa kaina gaskiya: Mats ƙafafunsa ba za su kai shi waje ba. Nawa ɗan ƙafafunsa biyu lafiya lau, ga filin ƙwallo a bayan layinmu, ga kakarsa da ke cigiyarsa.

Inda ƙugiyar take

Duk abin da na lissafa zuwa nan, matsayi da abokai da jin ana buƙatarka, abubuwa ne da kowane ɗan Adam ke nema. Akwai wani ɓangaren kuma da aka ɗana da gangan, kuma shi ne ba na yi wa uzuri.

Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanin nan na Amurka B. F. Skinner ya nuna a kan tattabaru da ɓeraye cewa dabbar da ba ta san yaushe hatsi zai faɗo ba ta fi nacewa a kan maɓalli fiye da wadda ke samu kowane lokaci. Wataƙila wannan karon, wataƙila na gaba. A kan wannan aka gina injin caca, a kansa kuma aka gina akwatin sa'a na gem: ka biya, ka buɗe, ba ka san me zai fito ba. A Genshin Impact, wanda wani kamfanin ƙasar Sin ya fitar a 2020, damar samun jarumi mafi daraja a kowane ja ita ce kashi 0.6 cikin 100, sai an kai ja 90 ake ba da tabbaci. Saukar da wasan kyauta ne, a ciki ake tatsa. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne. Mu kuwa ba sai an yi mana dogon bayani a kan caca ba. Ƙara da kyautar kullum, wadda in yaro ya tsallake rana ɗaya lissafinsa ya koma baya, da bukukuwan da ake cewa kwana bakwai kacal za su yi. Waɗannan ba don daɗin wasa aka sa su ba, don kada a yi fashi ne.

Gwamnatin Sin ta ga abin ya isa har a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu a nan dokar ita ce ni da ke.

Sai batun baƙi. Muryar da ke cewa "barka da ƙoƙari" tana iya zama ta yaro sa'ansa, tana iya zama ta ƙato mai mugun nufi. Wanda ya fara yi wa yaro kyautar kaya a wasa, ya nemi lambar waya, ya ce su koma hira a keɓe, ya nemi hoto, ya ce kada a gaya wa Umma, wannan ba abokin wasa ba ne. 'Yan mata da maza duk ana farautarsu.

Kada dai hankali ya tashi a ce duk mai gem ya kamu da cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da lalurar jarabar gem a kundin cututtukanta a 2019, ya fara aiki a 2022, amma ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke shafa. Alamominta uku: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da dainawa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Yawanci sai an ga haka na tsawon wata 12 tare da illa a fili. Ni abin da nake dubawa ba yawan awanni kaɗai ba ne. Yana barci? Yaro daga shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare. Yana cin abinci tare da mutane? Salla, wanka, makaranta? Yana ɓoye waya, ko kuɗi sun fara ɓata a gida? In amsoshin nan sun fara ba ki tsoro, ki kai shi a ga likita, ba abin kunya ba ne.

Yarjejeniyar gidanmu

Abin da muka tsayar ba shi da yawa. Kafin ya shiga kogo zai zo ya ce mini, "Umma, wannan zai ci minti arba'in, akwai aike?" In akwai, ya yi tukuna. Ba a fara yaƙi in lokacin salla ya kusa, shi zai gaya wa ƙungiyarsa haka tun da wuri, kuma da ya faɗa ba wanda ya yi gardama. Daren makaranta babu babban yaƙi. Ƙarfe goma waya tana ɗakina tana caji. Katin bankina bai taɓa shiga wayarsa ba, ba kuma zai shiga ba. Lokaci-lokaci yakan cire iyafis ya saki murya a fili in ji su wa yake hulɗa da su. Ni kuma na yi alƙawarin ba zan sake kashe intanet a tsakiyar yaƙi ba matuƙar ya cika nasa. Mun karya, mun gyara, ya fi sau ɗaya. Akwai makon da na ƙwace wayar ɗungurungum saboda sakamakon gwajin lissafi, ƙungiya ta nemi wani nas ɗin.

Asabar ɗin da ta wuce na ɗauko tiren wake ina tsincewa, na zauna kusa da shi ina leƙe. Yaƙi ya yi zafi, mutum biyu suka kusa faɗuwa a lokaci ɗaya. Na ga ya bar ɗaya ya faɗi, ya juya kan ɗayan. Da aka lafa na ce, "Wancan fa, me ya yi maka?"

Ya ce, "Umma, maganina ba zai isa biyu ba. Wannan shi ne garkuwa, in ya faɗi kowa ya faɗi. Wancan zan tashe shi daga baya."

Na ce masa mu ma haka muke tantancewa a ɗakin agajin gaggawa in motar haɗari ta iso, sai dai mu ba mu da tashe shi daga baya. Ya ɗago ya kalle ni, karo na farko tun da aka fara yaƙin. Daga cikin wayar wata murya ta tambaye shi da wa yake magana, ya ce da mamansa, kuma ita nas ce ta gaske. Sai ga gaisuwa tana fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanwarsa 'yar shekara 9 tana gefe tana jinmu. Ta riga ta zaɓi suna da kalar rigar jarumarta, tana tambaya yaushe za a buɗe mata nata. Na ce ta fara kawo mini haddar da malam ya ba ta tun makon jiya.